Daga Bakin Ungozoma Zuwa Saƙon Waya: Tarihin Shayarwa a Garinmu

A 'yan shekarun nan, da wuya a yi haihuwa a unguwarmu a kai ranar suna ba a sami saɓani a kan jariri ba. Uwar miji ta ce a ba shi ruwa, malamar asibiti ta ce kada a ba shi, mai jego kuma tana ƙuryar ɗaki tana latsa waya, tana neman wanda zai raba gardama. Wasu daga cikin 'ya'yanmu mata har manhaja suke saukewa, wadda ke ƙirga musu sau nawa yaro ya sha nono a yini, ta tuna musu ranar riga-kafi, ta gaya musu watan da ya kamata ya fara zama ko rarrafe. Dattawa na kallon abin a matsayin raini, yaran kuma na cewa ci gaba ne.

Kafin mu yanke wa waya hukunci, ya kamata mu waiwayi baya. Ba yau aka fara kawo wa uwa sabon mai ba da shawara ba. An yi zamanin ungozoma, aka yi na katin asibiti, aka yi na madarar gwangwani, kowanne da abin da ya bari a gidajenmu. Kuma da yawa daga cikinmu ba su san cewa wani gwaji da masana ke kafa hujja da shi a kan amfani da waya wajen koyar da shayarwa, a nan jihar Bauchi aka yi shi ba, da matanmu, cikin harshenmu.

Lokacin da unguwa ce dangi

Tun da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa birnin Bauchi a wajen 1809 ya kewaye shi da ganuwa, garin ke jan baƙi. Kakanninmu sun zo daga ƙasar Kano, Katsina, Zazzau da Haɗeja, wasu fatauci ya kawo su, wasu karatu, wasu sana'a. Bayan jirgin ƙasa ya iso a 1961 aka ƙara samun masu zuwa, haka ma bayan da garin ya zama babban birnin jiha a 1976.

To, baƙunci yana da wani nauyi da mata ne suka fi ɗaukarsa. A al'adarmu, mai cikin fari gidan iyayenta take komawa ta haihu, ta yi wankan jego a gaban uwarta, sai an yi arba'in ko fiye ta dawo ɗakinta. Amma wadda iyayenta ke tafiyar kwanaki da dama fa? Ba kowace ce ke samun komawa ba. Sai unguwa ta zama dangi. Tsohuwar gidan maƙwabta ta zama Inna, matar mai masauki ta zama Gwaggo, ungozoma ta zama mai faɗa a ji. Ita ce ke yanke cibi, ta yi wa jariri wanka, ta gasa masa cibiya, ta gaya wa yarinya yadda za ta riƙe shi a nono. Ilimin raino a lokacin ba a rubuce yake ba, daga baki yake zuwa kunne, kuma mai faɗarsa tana zaune a gefen gado, tana ganin uwa tana ganin ɗa.

Abubuwa da yawa na wannan ilimi daidai suke, har yau likitoci na yaba su. Ana shayar da yaro har kusan shekara biyu, kamar yadda aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta nuna. Yaro na bayan uwarsa a goye, da ya motsa a sauke shi a ba shi nono, ba a duba agogo. Mai jego na samun hutun kwana arba'in, a dafa mata, a ɗauke mata aikin gida. Sannan ana ƙyamar kunika, wato mace ta sami wani ciki alhali na goye bai isa yaye ba, domin tsofaffi sun ga yadda irin wannan yaro ke lalacewa.

Akwai kuma waɗanda suka cutar, ko da yake da kyakkyawar niyya aka yi su. Dakashi, ruwan nonon farko mai kauri da launin rawaya, ana ɗaukarsa ƙazanta, sai a matse a zubar, a bar jariri kwana biyu ko uku a kan ruwan ɗumi ko nonon dabba. A wasu gidajen har gwajin nono ake yi: a tatsa a jefa tururuwa ciki, in ta mutu a ce nonon ba shi da kyau, sai an ba uwa magani. Ga ɗauri, jiƙon saiwoyi da ake ba jariri don ƙarfin jiki. Ga ɗura, a toshe wa yaro hanci a zuba masa koko da tafin hannu. Ga wanzami da ke zuwa cire beli. Hatta kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa, likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun danganta yawansu da ciwon zuciyar masu jego a rubuce-rubucensu na shekarun 1970.

Kada mu yi saurin zargin iyayenmu. Mace ce ta haifi goma ta binne huɗu ko biyar, ba asibiti, ba wanda ya taɓa gaya mata akwai ƙwayoyin cuta a ruwan rijiya. Dole ta nemi dalili, dole ta nemi kariya. Abin da ta samu shi ta riƙe, shi kuma ta miƙa wa 'yarta.

Sikeli da kati

Zuwan asibiti ya kawo wani sabon abu, wato aunawa da rubutawa. A farkon shekarun 1930 wata likita mai suna Cicely Williams, tana aiki a Ankara ta ƙasar Gana ta yanzu, ta yi bayanin wata cuta da ke kumbura yara, gashinsu ya yi ja, fatarsu ta saɓule. Ba ta ƙirƙiro mata suna ba, ta ɗauki wanda matan ƙabilar Ga ke kiran ta da shi, kwashoko, ma'ana ciwon yaron da aka ture daga nono saboda an yi masa ƙane. Kun ga ke nan, abin da tsofaffinmu ke gudu a kunika shi ne dai likitar ta rubuta. Ta dace ne domin ta saurari mata.

Daga baya, a ƙarshen shekarun 1950 zuwa na 1960, wani likitan yara ɗan Ingila, David Morley, ya yi aiki a Ilesha da wani ƙauye mai suna Imesi-Ile a ƙasar Yarabawa. Can ya fito da tsarin asibitin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da kuma katin da ake ɗiga nauyin yaro a kai wata-wata, a ja layi. In layin na hawa, yaro na kan hanya. In ya kwanta ko ya gangara, akwai matsala, tun kafin ido ya gani. Babbar hikimarsa ita ce ya ce katin a hannun uwa zai zauna, ba a kabad ɗin asibiti ba. Wannan kati shi ne kakan wanda matanmu ke naɗewa a leda su tafi da shi awo. In an duba da kyau, aikin da manhajar waya ke yi a yau, na ajiye nauyi da ranakun allura, kati ya riga ta fara shi da shekaru sittin. Kuma kati ba ya neman caji.

Sai dai katin ya zo da nasa gibin. Uwa ce kaɗai ke zuwa asibiti, ita kaɗai ke jin bayanin malama. In ta dawo gida, ga uwar miji, ga kishiya babba, ga maigida, ba wanda ya ji abin da ta ji. Yarinya 'yar shekara goma sha bakwai, ga kunyar ɗan fari, ina ta ga bakin musa wa surukarta? Sai kati ya koma ƙarƙashin katifa, a ci gaba da yadda aka saba.

Zamanin gwangwani

Baƙo na gaba ya shigo da fara'a. Tun 1867 Henri Nestlé ya fara sayar da garin abincin jarirai a ƙasar Suwizalan, kuma asalin abin don ceton yaran da ba su sami nonon uwa ba ne. Har gobe madarar gwangwani na da wurinta: marayan da uwarsa ta rasu wajen haihuwa, ko yaron da likita ya ga dalili. Amma a tsakiyar ƙarni na 20 kamfanoni suka mai da ita hajar kowa. Aka cika rediyo da alluna da hoton ɓul-ɓul ɗin jariri, aka riƙa raba gwangwanin kyauta a ɗakunan haihuwa, a wasu ƙasashe har 'yan talla ake sa wa kaya irin na nas.

A nan gida abin ya haɗu da kuɗin mai na shekarun 1970. Ma'aikata suka yawaita a Bauchi, albashi ya ƙaru, fida ta zama alamar wayewa. Matar da ke shayarwa a bainar jama'a sai a ga kamar ba ta waye ba.

Yadda ɓarnar ke faruwa ba boyayye ba ne. Nono, yawan tsotso ke kawo shi. Da an fara haɗa wa yaro da fida, tsotsonsa ya ragu, nonon ya ja baya, uwa ta ce ai ga shi ba ya isar sa, sai a ƙara gwangwani. Gwangwani kuma da tsada, sai a riƙa rage awo ana ƙara ruwa don ya kai ƙarshen wata. Ruwan ba a tafasa ba, fidar ba a wanke da kyau ba, ga ƙuda, ga zafi. Daga nan sai gudawa, sai rama, sai maɗiga ta faɗa. A gida a ce haƙori ne ko iska, alhali ruwan jikin yaro ne ke ƙarewa.

Duniya ta farga. A 1974 ƙungiyar War on Want ta Ingila ta fitar da rahoton da ya tona yadda tallar ke kashe yara a ƙasashe matalauta. A 1981 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙa'idar hana tallata abin da ke maye gurbin nonon uwa, ƙasashe 118 suka goyi baya, Amurka kaɗai ta ƙi. Nijeriya ta kafa tata dokar a 1990, aka gyara ta a 1999, kuma a yau hukumar NAFDAC ce ke sa ido a kanta. Zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda shi ma likitan yara ne, yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, aka matsa da kiran komawa ga nonon uwa, da riga-kafi, da ruwan gishiri da sukari. Manyanmu na tuna yadda rediyo ke maimaita waɗannan saƙonni safe da yamma.

Darasin wannan zamani bai kamata ya ɓace mana ba: mai ba uwa shawara yana iya zuwa da fararen kaya da lafazi mai daɗi, alhali ciniki ya kawo shi.

Rigimar ruwa

A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da shawarar da ake bi yanzu: a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, a ba shi nonon uwa zalla har wata shida, sannan a fara ƙara masa abinci ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye. Mu Hausawa ba mu da matsala da tsawon shayarwa. Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar nan, zalla. Binciken lafiya na ƙasa ya nuna a 2013 kashi 17 cikin 100 ne kawai na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla, a 2018 ya kai kashi 29. A mafi yawan gidaje ba madara ce ke karya ƙa'idar ba, ruwa ne.

Kuma kowa ya san dalili. Wanda ya zauna a Bauchi a watan Maris da Afrilu ya san zafi. Tsohuwa ta ga leɓen jariri, ta ce, "Haba 'yar nan, ke kin sha kin ƙoshi, shi za ki bar shi da ƙishi? Ba kya tsoron Allah?" Tausayi ne ke magana, ba mugunta ba. Amsar ita ce, kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma tsaftatacce. Cikin jariri a ranar farko bai fi ɗaukar cokalin shayi ɗaya ko biyu ba, duk ruwan da ya shiga ya tare wurin nono, ga kuma cutar da ka iya biyo shi. In ana zafi, uwa ce za ta ƙara shan ruwa, ta ƙara yawan ba shi nono. Shi kuwa dakashin da ake zubarwa, cike yake da sinadaran kariya, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke kiran sa riga-kafin farko. Saboda wannan rigima ce a 2019 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da gangami na musamman a kan hana jarirai ruwa kafin wata shida.

Gwajin da aka yi a Bauchi

Wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001. Cikin shekara goma ta kai ƙauyuka, sai masana suka fara tunanin ko za ta iya isar da saƙon da asibiti ya kasa kaiwa cikin gida. A farkon shekarun 2010 ƙungiyar Partners for Development, tare da masu bincike daga Jami'ar North Carolina ta Amurka ƙarƙashin Valerie Flax, suka gwada abin a jihar Bauchi. Ba su bi ta asibiti ba. Sun bi ta ƙungiyoyin mata masu karɓar rancen jari, waɗanda dama suke haɗuwa duk wata don biyan bashi, kusan kamar yadda muke haɗuwar adashi.

Aka raba ƙungiyoyin kashi biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya suka ci gaba da harkar rancensu kawai. Ɗaya kashin aka ƙara musu abu uku. Jami'in rance zai yi musu ɗan darasi a kan shayarwa a taron wata, har tsawon wata goma. Aka ba kowane rukuni na mata biyar zuwa bakwai waya guda ɗaya, ana turo saƙon rubutu da na murya duk mako. Sannan aka ce kowane rukuni ya mai da saƙon waƙa ko wasan kwaikwayo, ya gabatar a gaban sauran mata a taro na gaba.

Da jariran suka kai wata shida, aka sake zantawa da mata 390. A cikin waɗanda suka sami saƙon, kashi 64 cikin 100 sun kai wata shida a kan nono zalla, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 43. Wajen sa jariri a nono cikin awar farko, kashi 70 ne da kashi 48. Masu binciken suka ce mafi yawan bambancin daga abu ɗaya ya fito, wato jinkirta ba da ruwa. An buga sakamakon a 2014 a wata mujallar masana abinci ta Amurka.

A lura da irin wayar. Ba babbar waya ba ce, ba intanet, ba hoto. Kuma ba ta mutum ɗaya ba ce. Mai riƙe da ita dole ta nemi sauran ta gaya musu abin da aka turo, su zauna su tattauna, su tsara waƙa. A cikin rukunin akwai masu ciki, akwai waɗanda suka gama haihuwa, akwai masu jikoki. Saƙon da a da yarinya ke ji ita kaɗai a asibiti, yanzu ya shiga bakin manyan mata, har ana rera shi. In uwar miji da kanta ta hau waƙar kada a ba jariri ruwa, wa zai kawo kofi?

Wani aikin da aka yi daga baya a ƙaramar hukumar Toro, daga 2016, ya ƙara nuna haka ta wata fuskar. Mata masu ziyara na bi gida-gida wurin masu ciki, ɗauke da waya da suke shigar da bayanai, maza kuma na zuwa wurin mazajen su tattauna da su a kan nauyin aiki da alamomin haɗari. Can ma an ga sauƙin matsalolin ciki da haihuwa. Wayar kayan aiki ce kawai, mutum ne ya yi sallama ya shiga gidan.

Manhajojin yau

Yanzu abin ya wuce saƙon mako-mako. Afirka ta Kudu ta fara MomConnect a 2014, gwamnati na tura wa masu ciki da masu goyo saƙo kyauta. Indiya na da Kilkari, wanda ke kiran uwa a waya da saƙon murya daidai da watannin cikinta ko na ɗanta. UNICEF ta fitar da manhajar Bebbo don iyaye a wasu ƙasashen Turai da tsakiyar Asiya. Ga kuma ɗaruruwan manhajoji na 'yan kasuwa da kowa ke iya saukewa.

Masu kyau a cikinsu suna da amfani na gaske. Da tsakar dare, yaro na kuka, uwa na nesa da mahaifiyarta kamar yadda kakarta ta kasance, ta sami bidiyon da ke nuna mata yadda za ta gyara masa kamun nono don kada kan nonon ya tsage. Ta ga cewa a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya yaro na iya fara zama daga wajen wata huɗu har zuwa tara, tafiya kuma daga wajen wata takwas har kusan goma sha takwas, sai hankalinta ya kwanta, ta daina auna ɗanta da na maƙwabciya. Wannan ma'auni na 2006 ba na Turawa kaɗai ba ne, da yaran ƙasashe biyar aka haɗa shi, har da Gana.

Amma tsohon baƙon nan na zamanin gwangwani ya gano hanyar waya. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar da rahoton binciken iyaye 8,500 a ƙasashe takwas, har da Nijeriya, inda fiye da rabinsu suka ce tallar madarar jarirai ta iske su. Wani rahoton na shekarar ya nuna yadda kamfanoni ke bi ta manhajoji, da zaurukan iyaye na intanet, da fitattun masu mabiya. Uwa ta shigar da ranar haihuwarta, ta ɗauka kyauta ake taimakon ta, ashe ta ba ɗan kasuwa ranar da zai fara yi mata talla. A gefe guda ga masu sayar da haɗin ƙara nono da na sa yaro ƙiba a WhatsApp da TikTok, ba lamba, ba sunan abin da ke ciki. Wanda ya manta, ya tuna maganin haƙori na My Pikin, da ya kashe yara fiye da 80 a ƙasar nan tsakanin 2008 da 2009.

Ko mai kyau ce ma, yawanci da Turanci take, tana cin data, kuma abincin da take lissafawa ba na kasuwar Wunti ko Muda Lawal ba ne. Alhali abin da yaro ɗan wata shida ke buƙata yana nan a gabanmu: kunu mai kauri wanda ba ya zuba daga cokali, na gero ko dawa, a haɗa da gyaɗa da waken suya, a ɗiga manja, a riƙa sa ƙwai, dakakken kifi, ganyen zogale. Sau biyu zuwa uku a yini daga wata shida, sau uku zuwa huɗu daga wata tara, ga nono na nan. Zuma kuwa sai ya shekara.

Abin da ya rage gare mu

Maganar ba ta wasa ba ce. Tun 2022 ƙungiyar likitoci ta MSF ke kwantar da yara masu tamowa a Kafin Madaki, nan ƙaramar hukumar Ganjuwa, kuma da damina gadaje cika suke yi. Tsadar abinci na da hannu, ba mai musu. Amma wata shidan farko, abincin yaro na jikin uwarsa, abin da ake nema daga gare mu shi ne mu ciyar da ita, mu rage mata aiki, mu bar ta ta shayar.

Tarihin nan ya nuna mana cewa duk shawarar da ta tsaya a kunnen mai jego ita kaɗai ba ta cika yin tasiri ba, sai wadda ta shiga tsakar gida. Don haka 'yarmu mai waya, in kin ga abu mai amfani, kada ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa, ki fito kina cewa an ce. Kai wa Inna, ki kunna mata ta ji da kunnenta, ki tambaye ta yadda suke yi a da. Girmamawa na buɗe ƙofar da gardama ba ta buɗewa. Kafin ki amince da kowace manhaja kuma, duba wa ya yi ta. In kin ga tambarin kamfanin madara ko ana tura ki sayen wani abu, ki san talla ce. Abin da ta faɗa, ki gwada shi da na malamar awo.

Iyayenmu mata, ku ne ungozomomin unguwar nan har yau, ko kun karɓi haihuwa ko ba ku karɓa ba. Goyo, da hutun arba'in, da gudun kunika, duk naku ne, kuma duniya ta dawo kansu. Dakashi da ruwa ne kawai ake roƙon ku sake dubawa.

Mu maza kuma, galibi babbar wayar gidan a aljihunmu take, mu ke sayen data, mu ke ba da izinin zuwa asibiti. Ba abin kunya ba ne maigida ya san ranar awo. Ya kuma san alamomin da ba a tsayawa tambayar waya a kansu: jariri ya ƙi kama nono, ko numfashinsa ya yi sauri, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko ya yi jijjiga, ko gudawa ta sa idonsa da maɗigarsa suka faɗa. Wannan sai asibiti, ko da tsakar dare ne.

Muna da ƙungiyoyin adashi, muna da makarantun Islamiyya na matan aure, muna da taron suna kusan kowane mako. Abin da matan rancen jari suka yi da waya ɗaya a tsakanin mutum bakwai bai fi ƙarfinmu ba. A sami malamar asibiti ɗaya daga cikin 'ya'yan unguwa ta riƙa tace saƙon, a kunna shi a inda manya da yara ke zaune tare, a bar kowa ta faɗi nata. Kakanninmu da suka sauka a garin nan ba su da dangi, da haka suka raya 'ya'yansu, kowa ta zama uwar ɗan kowa.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba masu jego lafiya, ya jiƙan iyayenmu da suka rene mu da abin da suka sani.